Kwana biyar a Zanzibar da iyali: a karɓi yawon da ake gama komai a wuni guda?

Wani Alhaji ɗan kasuwa a Tahoua ne ya aiko da tambayar. Ya ce a watan Agusta, in Allah ya kai mu, zai je Zanzibar, tsibiran ƙasar Tanzaniya, kwana biyar, shi da uwargidansa da yara biyu da mahaifiyarsa mai fama da ciwon gwiwa. Wani mutum daga can ya turo masa tsari ta WhatsApp: wuni guda, mota guda, a kai su tsohon gari, a tsallaka da su tsibirin kunkuru, a shiga gonar kayan ƙamshi, a leƙa dajin birai, a ƙare da kallon faɗuwar rana a Nungwi. Yana son ya san ko ya karɓa, ko ɗan jagora dole ne, kuma ko wurin ya dace da iyalin musulmi.

Alhaji, barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri da za ka fita da Hajiya Inna ta ga duniya. Amsata a kan tsarin nan ita ce kada ka karɓa. Aikina a nan Yamai shirya wa mutane tafiya ne, yawanci Umra, amma na sha raka ƙananan ayari zuwa tsibirin nan, kuma irin takardar da aka turo maka na san ta kamar yunwar cikina. Mutumin bai yi maka ƙarya ba, duk wuraren da ya lissafa suna nan. Awowin wuni ne kawai ba su isa ba.

Mu yi lissafi irin naku na ƴan kasuwa. Babban tsibirin, wanda mutanensa ke kira Unguja, tsawonsa kamar kilomita 85 ne, bai ma kai nisan Tahoua zuwa Ƙonni ba, shi ya sa mai kallon taswira yake ganin abin wasa ne. Amma tsohon gari da ƙafa ake zagaya shi, mota ba ta shiga lungunansa, kuma yana cin awa uku. Tsibirin kunkuru minti ashirin zuwa talatin ne a kwale-kwale mai inji, ka haɗa zuwa da dawowa da jira da zaman can, wasu awa ukun sun tafi. Gonar kayan ƙamshi tana da rabin awa daga gari, zagayenta awa biyu. Dajin birai, wato Jozani, yana kudu maso gabas, Nungwi kuwa yana can ƙurewar arewa, kilomita kusan 60 daga gari, tsakanin su biyun tafiyar wajen awa biyu ce a kan hanya mai ratsa ƙauyuka da tudun rage gudu. Ka tara duka, ka haɗa da zuwa dajin da zagayensa da komawa masauki, za ka ga ya haura awa goma sha huɗu, ban sa salla ba, ban sa abinci ba, ban sa yaro ya ce zai zaga ba. Rana kuwa a can, da yake kusa suke da tsakiyar duniya, awa goma sha biyu take yi rani da damina, wajen ƙarfe shida da rabi ta faɗi, duhu ya rufa nan take. Abin da zai faru shi ne a tsaya minti ashirin a kowane wuri, a ɗauki hoto, a ce ku hau mota. Hajiya Inna za ta dawo da kumburin ƙafa, abin da za ta iya ba da labari a kai kujerar mota ce.

Akwai kuma abin da takardar ba ta ambata ba, wanda shi ne ke mulkin wuni a tsibirin: cikowar teku da janyewarsa. Mu mutanen tudu ba mu san wannan ba. Ruwan da muka sani, Kwara a Yamai ko tafkin Tabalak, wata da watanni yake ɗauka kafin ya cika ko ya ja baya. Teku sau biyu yake cikowa, sau biyu yake janyewa, a cikin kwana guda, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kimanin minti hamsin a kan na jiya. A gabashin tsibirin, su Paje da Jambiani da Matemwe, gaɓar shimfiɗaɗɗiya ce, in ruwa ya ja sai ya tafi nisan da za ka yi ta tafiya ba ka cim masa ba.

Zuwana na farko da ayari, na tashe su tun da safe daga gari, awa guda da wani abu a mota ina ta kuranta musu Paje. Muka iso da hantsi. Babu teku. Farin rairayi ne jiƙaƙƙe har iya ganinka, kwale-kwale a kwance a gefe guda kamar awakin da suka ƙoshi, can nesa wani farin zare inda igiyar ruwa ke fashewa. Wata Hajiya a cikinmu ta gyara mayafi, ta dube ni ta ce, "Ɗana, wannan ai Kwara ce a watan Mayu, don ita ka sa muka biya jirgi?" Sai bayan azahar ruwan ya fara dawowa, zuwa la'asar ya zo har gindin itatuwan kwakwa, shuɗi garau, amma lokacin rabin mutanena sun yi fushi sun koma mota. Tun daga ranar ban sake tsara wuni a can ba sai na duba jadawalin ruwa.

Ga dabarar da za ta yi maka sauƙi, tunda kai mai lissafin watan Musulunci ne. Wata ne ke jan teku. A farkon wata da kuma tsakiyarsa, kwana goma sha huɗu zuwa sha shida, cikowar takan yi ƙarfi ƙwarai, janyewar ma haka, bambancin tsayin ruwa yana iya kai mita huɗu. A waɗannan kwanaki ruwa yakan janye da hantsi, ya cika wajen la'asar. A kwana bakwai zuwa takwas, da ashirin da biyu zuwa da uku, motsin kaɗan ne. Mutanen can suna ce wa cikowa maji kujaa, janyewa kuma maji kupwa. Ka riƙe kalmomin nan biyu. Duk ɗan jagoran da ka tambaya ƙarfe nawa ne maji kupwa a ranar da zai kai ku, ya tsaya kame-kame, ba shi ne naka ba. Nungwi da Kendwa a arewa su ne suka fita daban, gaɓarsu tana da zurfi kusa, ana shiga ruwa kusan kowane lokaci, shi ya sa otel-otel suka yi cunkoso a can.

Janyewar ma tana da nata abin kallo, in an san da ita aka zo. Lokacin ne matan Paje da Jambiani ke shiga gonakinsu na ciyawar teku, mwani, sun kafa turaku sun ɗaure igiyoyi a cikin ruwa iya idon sawu, suna girbi suna tarawa a buhu, a shanya a sayar wa masu fitarwa waje. Uwargida za ta so ganin wannan fiye da wanka. Sai dai a nemi izini kafin a ɗauke su hoto, kuma kowa ya sa takalmin roba mai rufe ƙafa, don akwai wata baƙar halitta mai ƙaya kamar bushiya a cikin ramukan duwatsu, ƙayarta tana karyewa a cikin nama. Kada yara su yi nisa su kaɗai. In ruwan ya juyo, ta kwaruruka yake fara shigowa, sai mutum ya waiga ya ga ruwa ya shiga tsakaninsa da tudu.

Maganar ɗan jagora kuwa, ya danganta da wurin. A bakin teku ba ka bukatar kowa sai direba. A Jozani ma'aikatan dajin ne ke raka ku, yana cikin kuɗin shiga. A gonar kayan ƙamshi ƴan gonar ne ke bayani. Inda ɗan jagora ya zama dole shi ne tsohon gari, Stone Town, wanda su ke kira Mji Mkongwe. A nan ne kuɗinka zai yi aiki ko ya tafi a banza, domin baƙo ko da ido makaho ne, kuma garin nan in babu mai bayani, tsofaffin gidaje ne kawai masu bangon da gishiri ya ci.

Da mai bayani kuwa sai bango ya yi magana. Da dutsen murjani da farar ƙasa aka gina gidajen, UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 2000. Larabawan Oman ne suka kori Turawan Fotugal daga wannan gaɓa a ƙarshen ƙarni na 17, suka gina ganuwar da har yau take tsaye a bakin ruwa, Ngome Kongwe. Daga baya Sarki Sayyid Sa'id ya ga tsibirin ya fi masa Maskat riba, ya dawo da fadarsa nan, ya cika ƙasar da itatuwan kanumfari. Ɗansa Barghash ne ya gina Baitul Aja'ib a 1883, gidan da ya fara samun lantarki a tsibirin. Wani ɓangarensa ya rushe a Disamban 2020, saboda haka in ka ga an rubuta maka shi cikin wuraren da za a shiga, ka tambaya ko an buɗe kafin ka biya. A gaban gidan nan ne jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fada ruwan wuta ranar 27 ga Agusta 1896, yaƙin bai kai minti arba'in da biyar ba aka gama. Sarautar kanta ta ƙare da juyin juya halin Janairun 1964, a watan Afrilu na shekarar aka haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya.

Ka sa ya tsaya da ku a gaban ƙofofi. Ƙofar Balarabe mai kusurwa huɗu ce, sau da yawa da aya sassaƙe a samanta. Ta Ba'indiye samanta a lanƙwashe yake, jikinta da manyan ƙusoshin tagulla masu tsini. Kowane gida da dakalinsa a waje, baraza suke ce masa, kuma amfaninsa ɗaya da namu. Akwai wata mahaɗar lunguna da ake kira Jaws Corner inda dattawa ke zama tun safe, ana zuba musu baƙin gahawa a ƴan ƙananan kofuna daga butar da ke kan garwashi, ana gardamar siyasa da ƙwallo. Fada ce sak irin ta unguwanninmu, gahawa ce kawai ta maye gurbin shayi. Nan zan so a zaunar da Hajiya Inna ta huta rabin awa. Tsarin wuni guda ba ya barin wannan zaman, ni kuwa a ganina ya fi rabin abin da ke cikin takardar daraja.

Wuri guda yana bukatar shiri tun daga gida, wato tsohuwar kasuwar bayi a Mkunazini. An rufe ta a 1873, lokacin Barghash, bisa matsin Ingila, aka gina cocin Angilika a kan filin. Akwai ɗakin baje tarihi, akwai ƴan ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa masu ƙanƙanen rufi da ake nuna wa baƙi, a waje kuma akwai rami da mutum-mutumi biyar na dutse, sarƙa a wuyansu. Wasu alhazanmu sukan tsaya a ƙofa su ce ba sa shiga coci. Ba a tilasta kowa, ana iya ganin ɗakin tarihin da ramin ba tare da an shiga inda ake ibada ba. Amma kada a tsallake wurin. Kanumfarin da ya yi wa tsibirin arziki bayi ne suka noma shi, an kamo su daga can cikin ƙasa har wajen manyan tafkuna da Kwango, kuma cikin manyan masu fataucin akwai musulmi, irin su Tippu Tip wanda gidansa yake nan cikin garin. Ɗan jagora na ƙwarai yakan faɗi wannan ba tare da ya tauna ba. Wanda ya ga ku musulmi ne ya fara sassauta labarin don ya faranta muku, ya rage muku abin da kuka biya. Yara su ji, mu ma ƙasarmu ta san bauta.

Da magariba a gangara Forodhani, lambun bakin ruwa, inda masu abinci ke kafa tebura da fitilu. Ku sha ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami, ku ɗanɗana urojo, wani romo ne mai tsami da dankali da ƴan ƙosai a ciki. Kifi da sauran naman ruwa da aka jera a tsinke kuwa, ka sa a gasa a gabanka har ya yi zafi sosai, ka kuma ji farashi kafin a ɗora a wuta.

Gonar kayan ƙamshi, wajen Kizimbani ko Kidichi, ita ce na tabbata za ta burge matan. Duk abin da suke saye a ƙulle a leda a kasuwar Tahoua za su gan shi da ransa. Kanumfari ashe toho ne na fure da ake tsinkewa kafin ya buɗe, a shanya har ya yi baƙi. Kirfa ɓawon itace ce, za a kankaro a miƙa maka ka sansana, saiwarta kuma ƙamshin man zafi take yi. Gyaɗar ƙamshi tana cikin ɗan itace kamar goba, in an tsaga sai ka ga jan zare ya naɗe ƙwallon. Masoronsu yaɗo yake yi yana hawan wata bishiya. Gonakin da ake kai baƙi na nuni ne, an tara kowane iri kaɗan-kaɗan, yawancin kanumfarin da ake fitarwa daga ɗaya tsibirin yake zuwa, Pemba. Samari za su bi ku suna saƙa hula da jaka da ganyen kwakwa, wani ya hau kwakwa yana waƙa. Duk na goro suke nema, ka tanadi ƙananan kuɗi. Sayayya mai yawa kuma ka bar ta sai kasuwar Darajani a cikin gari, teburin ƙofar gona farashin baƙo ne.

A Darajani za ka sha mamakin yadda kunnenka zai kama ciniki. Ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini, sabini, themanini: lissafinmu ne, daga Larabci muka ɗauko mu da su. Dubu elfu ce. Kanumfari karafuu, sabulu sabuni, labari habari. Amma agogonsu zai iya kayar da kai. Bayan awa biyu da suke gabanmu, suna da nasu ƙirgen da ke farawa daga fitowar rana: ƙarfe bakwai na safe shi ne saa moja, awa ta ɗaya, takwas saa mbili, tara saa tatu. Na taɓa shirya da wani mai kwale-kwale zai kai mu Nakupenda, wani tudun farin rairayi a tsakiyar ruwa kusa da gari. Ya ɗaga mini yatsu uku, na ce to. Muka iso bakin ruwa ƙarfe uku na rana da kayan ciye-ciye, muka tarar da shi yana ɓacin rai, tun tara na safe yake jiranmu. Tudun kuwa lokacin teku ya gama haɗiye shi, sai washegari. Duk alƙawarin lokaci, a rubuta shi da lamba a waya, a ƙara da safe ne ko yamma.

Tsibirin kunkuru, Changuu, yara za su so shi. An gina kurkuku a kansa a shekarun 1890 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mai da shi wurin killace matafiya saboda cutar shawara. Kunkurun manya ne ƙwarai, wani ya fi buhun gero biyu nauyi, asalinsu huɗu ne da aka kawo kyauta daga Seshel a 1919. Abin da nake jin tsoro a nan gwiwar Hajiya Inna ce. Daga rairayi ake hawa kwale-kwalen, sai an taka ruwa an ɗaga ƙafa an haura gefensa yana rawa. Agusta kuma lokacin iskar kudu ce, kusi, sanyinta da daɗi amma tana tada ruwa, musamman da yamma. In za a je, a je da sassafe, a dawo kafin azahar. In ta ce ba ta iyawa, a bar ta a otel da uwargida ko wani, ba ta yi asarar abin da zai dame ta ba. Kuma kowa ya sa rigar ceto a jikinsa tun kafin a tada inji, a tabbatar akwai daidai yara. Yawancinmu ba mu iya ruwa ba, kunya ce ke hana mu faɗa. Ka faɗa wa mai jirgin da bakinka.

Jozani awa guda da rabi ya isa. Jan birin da ke can babu irinsa a ko'ina sai tsibiran Zanzibar, ba ya gudun mutane, har gawayi yake ci don ya kashe dafin ganyen da yake kiwo. Ba a taɓa shi, ba a ba shi abinci. Akwai gadar katako da ta ratsa cikin itatuwan da ke tsira a ruwan gishiri, shimfiɗaɗɗiya ce, tsohuwa za ta iya. Dajin yana kan hanyar Paje, don haka su biyun abokan tafiya ne a wuni guda: daji da safe, teku in ruwa ya ciko. Wanda zuciyarsa ke wajen tarihin Musulunci zai iya ƙarawa zuwa Kizimkazi a kudu, inda wani ƙaramin masallaci yake da rubutun Kufi a jikin mihrabinsa mai ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Ginin da ke tsaye yanzu an sabunta shi a ƙarni na 18, rubutun ne na asali. A garin ne kuma ake tallar fita kallon dolfin, wata babbar dabbar teku mai siffar kifi, inda jirage kan yi ta bin dabbobin a guje baƙi suna faɗawa ruwa. Da tsohuwa da yara, ni ban ba ka shawarar wannan ba.

Batun dacewa da iyalin musulmi, hankalinka ya kwanta. Kusan duk mutanen tsibirin musulmi ne, kiran salla zai tashe ka, mata da hijabi, maza da jallabiya da hula. Yawancinsu Shafi'awa ne, akwai kuma masallatan Ibadawa da na Shi'a a cikin gari, saboda haka za ka ji limami ya bayyana bisimilla, ka ga ƙunutin asuba bayan ruku'u da hannuwa a ɗage. Ka bi liman kawai. Abin da zai fi rikita ka alƙibla ce. Mu mun saba gabas har kalmar ta zama ɗaya da alƙibla a bakinmu, su kuwa Makka tana arewa da su kai tsaye. Na ga Alhajin da ya shimfiɗa darduma a ɗakin otel ya fuskanci mafitar rana kwana biyu cur kafin ya lura da ƴar kibiyar da ke manne a rufi. Ranar Juma'a shaguna da yawa sukan rufe da rana, a bar wunin ya zama mai sauƙi.

Bakin teku a Nungwi da Kendwa wata duniya ce daban. Turawa ne da kayan wanka, da giya, da kiɗa har dare. Ba wanda zai takura muku, matan garin ma da suturarsu suke shiga ruwa, amma in ba ka son idon yara da na Hajiya Inna ya sauka a kan wannan, ku zaɓi Jambiani ko Matemwe inda ya fi shiru, Nungwi kuma a je da safe a ga masu sassaƙa jiragen katako da hannu a bakin ruwa, a juyo. Ka tambayi otel tun kafin ka kama ɗaki ko suna sayar da giya, ko ana dafa naman alade a kicin ɗinsu, don manyan otel na baƙi wasu suna yi.

Yanzu ga yadda za ka tace mutumin da ya turo maka takarda, don mai yiwuwa mutumin kirki ne, abin da baƙi suka saba nema ya rubuto. Ka ce ya turo hoton katinsa na hukumar yawon buɗe ido ta Zanzibar, ƴan jagora masu lasisi suna da shi. Masu tare baƙi a bakin ruwa da kan titi ba su da shi, mutanen gari papasi suke ce musu, wato kaska, ka ga sunan ya isa bayani. Ka tambayi wane harshe za a yi muku bayani da shi. Ingilishi ne ya fi yawa, masu Faransanci da Larabci suna nan amma sai an nema tun da wuri, mai Hausa kuwa ban taɓa cin karo da shi ba. Kada ka yarda da "akwai" a rubuce, ka ce a haɗa ka da shi wanda zai raka kun, ku yi magana da murya minti biyar. Sannan a rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa: kuɗin shiga kowane wuri, kwale-kwale, abincin rana, ruwan sha, kuma motar taku ce ku kaɗai ko za a cusa muku wasu. Da tsohuwa, mota taku ku kaɗai ta fi, ko da ta ɗara tsada, don ku ne za ku ce a tsaya salla ko a juya gida. Wanda ya karya farashi ƙwarai, a shagunan da zai kai ku zai fanshe, la'ada yake karɓa a kan duk abin da kuka saya, kai ɗan kasuwa ba sai na yi maka bayani ba. Kafin alƙalami kaɗan ya isa, cikon a ƙarshen kowane wuni.

Da ni ne, kwana uku na farko a cikin tsohon gari zan kwana. Ranar isowa hutu, sai Forodhani da dare. Washegari zagayen gari da safe kafin rana ta yi zafi, don zafin can bai kai na Tahoua ba a ma'auni amma gumi ba ya bushewa. Rana ta uku tsibirin kunkuru da sassafe ga masu iyawa, ko gonar ƙamshi ga kowa, in ƙarfi ya saura a haɗa su. Ta huɗu a ɗaure kaya a bi ta Jozani a sauka gabas, a kwana can. Ta biyar ba ɗan jagora, ba mota, sai zama a inuwar kwakwa ana kallon ruwa yana tafiya yana dawowa.

Takardu kuma kada ka yi musu sanyi. Mai fasfon Nijar ba ya dogara da bizar filin jirgi a Tanzaniya, ana nema ta intanet tun da wuri, ana jira a amince, kuma takan ɗauki makonni, don haka kada ka yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin ta fito. Katin rigakafin shawara, karnen nan mai ruwan ɗorawa, kowa ya riƙe nasa har yara. Tun Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi wata inshora tata ta kanta, dala 44 ta Amurka ga babba, ko da kana da asurans ɗinka daga gida. Sefa ba ta canzuwa a can, ka tafi da yuro ko sababbin takardun dala, ka canza shilin a cikin gari. Daga Yamai hanyar da muka fi bi ta Adis Ababa ce, ka nemi a tanadar wa Hajiya Inna keken turawa a filayen jirgin tun lokacin yankan tikiti.

Ka turo mini ranakun da ka tsayar, in duba kwana nawa ga wata za su kama, sai mu san wace rana za ku kwana gabas da kuma ƙarfe nawa za a ce wa direba ya zo. A gaida Hajiya Inna, a ce mata ta taho da takalmin da ta yi ɗawafi da shi.